Tukunyarmu Ɗaya da Mai Ciwon Suga

Da malami zai shiga aji ya ce duk mai ɗan'uwan da ke fama da ciwon suga ya ɗaga hannu, da hannuwa sun tashi ta kowane layi. Wani mahaifinsa ne, wata kakarta, wani kawunsa, wani kuma abokin zamansa ne a benci ɗaya. Tarayyar ƙungiyoyin yaƙi da ciwon suga ta duniya, wato IDF, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon a duniya. Miliyan 24 daga cikinsu suna Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin waɗannan ba su ma san suna da shi ba.

Wani zai ce ina ruwan ɗan sakandare da ciwon manya? Mu da muka tashi a gidan da ake auna suga da sassafe mun san amsar. Mara lafiya yakan ga likita sau ɗaya a wata, wani ma sai bayan wata uku, amma kwanon abinci sau uku yake zuwa gabansa kullum. Mu ake aika cefane, mu ke kai niƙa, mu ke tuƙa tuwo idan Umma ta gaji, mu ake ba kuɗi a ce a sayo lemo an yi baƙi. Rubuta magani aikin likita ne, amma abin da ke shiga kwano ta hannunmu yake bi.

Bari mu fara da yadda ciwon yake. Duk abinci mai sitaci, irin su tuwo, shinkafa, burodi, taliya, doya, rogo da dankali, idan ya narke a ciki yakan koma wani nau'in suga da ake kira gulukos, ya shiga jini. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi, likitoci na kiran ta fankiriyas, ita ke samar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne buɗe wa gulukos ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki ya zama kuzari. A nau'i na ɗaya na ciwon, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki yakan daina samar da insulin, don haka dole a riƙa yin allurarsa. A nau'i na biyu, wanda ke damun fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, insulin ɗin yana nan amma ya yi kaɗan ko jiki ya daina jin maganarsa. Ko ta wace hanya, suga yakan taru a jini. Idan aka ɗauki shekaru a haka sai ya lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi, gani ya dushe, ƙoda ta gaza, ƙafa ta daina jin ƙaya, ɗan ƙaramin rauni ya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa.

Kafin shekarar 1921 babban abin da likitoci ke iya yi wa yaro mai nau'i na ɗaya shi ne su rage masa abinci har ya zama ƙashi da fata, don a ɗan ja kwanansa. A wannan shekara Frederick Banting da Charles Best suka yi nasarar fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurar, ya farfaɗo. Sa'an yawancinku ne. Tun daga lokacin aka bar horar da mai ciwon suga da yunwa, amma har yau a gidajenmu da yawa yunwar ake ɗora masa da sunan kulawa.

Lokacin da aka tabbatar wa Babanmu yana da nau'i na biyu muna sakandare kamar ku. Kafin mako ya zagayo gidan ya cika da masu dubiya, kowa da takardar maganinsa a baki. Wannan ya ce shi da shinkafa har abada. Wancan ya ce tuwon alkama kaɗai zai riƙa ci. Wata ta ce wake safe da rana da dare. Wani ya kawo jiƙon maɗaci a jarka, ya ce ɗaci ne ke kashe zaƙi. Wani kuma ya kawo zuma, ya ce ita ba suga ba ce. Duka da kyakkyawar niyya suka zo, amma da an haɗa shawarwarinsu an bi, da Baba ya rasa abin da zai sa a baki.

Ranar da muka raka shi asibiti tare da Umma, ma'aikaciyar da ke ba da shawara kan abinci ta tambayi abin da muke ci a gida daga Asabar zuwa Juma'a. Da aka lissafa mata, sai ta dubi Umma ta ce, "Hajiya, kada ki ɗora wa Alhaji tukunya daban. Ta gidan za ki gyara, kowa ya ci." Wannan magana ita muka riƙe har yau, kuma ita muke so ku kai gida.

Dalilinta a fili yake. Inda aka ware wa mara lafiya 'yar tukunyarsa, kullum wake ko acha ba gishiri ba armashi, yana zaune shi kaɗai yana jin ƙamshin dafa-dukan da yara ke ci, ba ya daɗewa yake gajiya. Wani ya koma cin abin da aka hana shi a ɓoye, a kasuwa ko wurin aiki. Wani ya rame ya shiga damuwa. Ga kuma kashe kuɗin girki biyu a wannan tsadar rayuwa. Alhali abincin da ya dace da mai ciwon suga shi ne dai abincin da ya dace da kowane mai son lafiyarsa.

Gyaran farko a fasalin kwano yake. A al'adarmu tuwo ne sarki, miya 'yar rakiya ce: malmala uku, miya ludayi ɗaya, nama yanka ɗaya idan an samu. Tsarin da masana abinci ke koyarwa ya juya wannan. A ɗauki faranti madaidaici a raba shi biyu. Rabi guda na ganye da kayan lambu ne, kamar zogale, rama, alayyafo, yakuwa, lalo, kabeji, kuɓewa, yalo, gauta, kokwamba, latas da tumatir. Ɗaya rabin a sake raba shi biyu. Kashi ɗaya na abinci mai gina jiki ne, wato wake, kifi, ƙwai, kaza, awara ko naman da ba kitse. Kashin da ya rage shi ne na tuwo ko shinkafa ko doya, gwargwadon dunƙulen hannun mai cin. A gidanmu wannan ya zama malmala ɗaya da miya mai kauri cike da kwano, ga kwaɗon zogale ko na rama a gefe. Baba yakan fara da ganyen, kafin ya kai ga tuwon ya fara ƙoshi.

Gyara na biyu a yadda ake sarrafa hatsi yake. A shekarar 1981 wani masani mai suna David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto suka fito da ma'aunin da ke nuna saurin da kowane abinci ke ɗaga sugan jini. Abin da za mu ɗauka daga binciken irin wannan mai sauƙi ne: yawan surfe, laushin niƙa, tacewa da dafawa har abu ya yi luguf, duk suna sa sitaci ya yi saurin komawa suga. Dusar da muke surfewa mu ba awaki tana ɗauke da faiba, wato zaruruwan da ciki ba ya narkarwa, waɗanda ke rage wa suga gudu a hanyarsa ta shiga jini. Shi ya sa dawa ko gero da ba a surfe su tas ba suka fi farin gari, kuma abinci mai tsaki-tsaki kamar dambu da fate mai yawan ganye ya fi koko da aka tace aka zuba wa suga. Mun ga haka da idonmu a na'urar awon Baba. Lambar da take nunawa bayan ya karya da koko da burodi daban take da wadda take nunawa bayan alale da ƙwai.

A nan ne maganar alkama da acha ta shigo. Mutane da yawa sun ɗauke su magani, har suna cin malmala uku hankali kwance. Dukansu hatsi ne, kuma sitaci ne mafi yawan abin da ke cikinsu. Malmala uku ta alkama ta fi malmala ɗaya ta dawa ɗaga suga. Shinkafa ma ba a haramta ta ba. Idan za a yi garau-garau, sai wake ya rinjayi shinkafar, a rage mai, a yanka latas da kokwamba da tumatir a kai. Ɗanwake kuwa a tuna ana haɗa garinsa da na rogo ko fulawa, don haka a ci daidai, a cika kwanon da kabeji da dafaffen ƙwai. Alale da aka turara ya fi ƙosan da ya sha mai.

Gyara na uku, wanda ya fi kowanne saurin nuna amfani, shi ne abin sha. Sugan da ke cikin ruwa da sauri yake wucewa jini, kuma ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana. Ga babban mutum wannan kusan giram 50 ne, wato cokalin shayi 12, kuma ta ce a rage zuwa rabin haka ya fi. Wannan ma ga mai lafiya ke nan. Yanzu ku yi wannan lissafi da kanku. Ku juya kwalbar lemo ku karanta abin da aka rubuta a jikinta. Idan an ce akwai suga giram 10 a kowane mililita 100, to kwalba mai cin mililita 500 tana ɗauke da giram 50. Kwalba ɗaya ta cinye kason yini guda. Lemon malt da muke kai wa marasa lafiya dubiya shi ma cike yake da suga. Haka zoɓon sayarwa, kunun aya, fura da nonon da aka dama da suga, da shayin mai shayi da ya sha madara mai zaƙi. Zuma, mazarƙwaila da ruwan rake duk jini suga yake ɗaukar su. A gidanmu zoɓo bai daina dahuwa ba, sai dai da citta da kanumfari ake haɗa shi, wanda ke son zaƙi ya ɗan sa a kofinsa. Da farko mun yi ta yamutsa fuska, bayan 'yan makonni harshe ya saba.

'Ya'yan itatuwa ba a hana su ba, amma a ci su da ƙwarinsu maimakon a matse ruwan. Gwaiba ɗaya, lemon zaƙi ɗaya da tototuwarsa, ko yankan gwanda ya wadatar a zama ɗaya. Lokacin mangwaro ne ake shan wahala, domin ana zube shi a faranti a yi ta sha ba lissafi. Dabino ma zaƙinsa a tattare yake, sai a ƙidaya.

Sai gishiri da mai. Ciwon suga da hawan jini sukan yi tafiya tare, kuma su biyun zuciya da ƙoda suke wa illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan. A cikin lissafin har da dunƙulen da muke marmasawa a miya, kuma kanwa ma tana da sinadarin sodiyam irin na gishiri. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano ba sai an jefa dunƙule biyar ba. Gashi, turarawa da dafawa sun fi suya. Idan Baba ya yi marmarin tsire, mukan ce wa mai nama ya zaɓo marar kitse, ya cika takardar da albasa da kabeji.

Akwai wani haɗari da ya kamata kowane ɗalibi ya sani, domin yana iya faruwa a aji ko a ɗakin kwana. Mai yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage suga, idan ya tsallake abinci ko ya yi aikin ƙarfi da yunwa, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar da ke awo da miligiram, ko 3.9 a mai awo da milimol. Alamunsa su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, matsananciyar yunwa, ruɗewa da magana ba kan gado. Wasu sukan ɗauka iska ce ta taɓa shi, a tsaya neman mai ruƙiyya lokaci na ƙurewa. A wannan hali sugan da ake gudu shi ne ceto. Idan yana iya haɗiya, a ba shi kusan giram 15, wato suga cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa ko rabin kofin lemo, a jira minti 15 a sake awo, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Saboda haka idan kuna da ɗan aji mai nau'i na ɗaya, kuka ga yana yawo da alewa a aljihu ko yana cin abu kafin a buga ƙararrawar tara, kada ku tsokane shi. Ransa yake karewa. Haka kuma idan azumi ya gabato, mai ciwon suga ya je wurin likitansa tun da sauran makonni, a duba ko zai iya, a gyara masa lokutan magani. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Game da maganin gargajiya, zogale da shuwaka ganye ne masu amfani, a ci su a miya da kwaɗo. Amma ɗacin da harshe ke ji ba ya goge sugan da ke cikin jini, kuma babu ganyen da ke maye gurbin insulin. Masu lasifika a tasha da kasuwa za su ce kwalba ɗaya ta raba mutum da ciwon har abada. Idan mara lafiya ya ajiye maganin asibiti ya bi su, ciwon yakan ci gaba da ɓarna a ɓoye, ba a farga ba sai ido ko ƙafa ta tafi. Mu da muka yi karatu ya kamata mu iya faɗa wa iyayenmu haka cikin ladabi.

Mun san za a ce duk wannan sai mai kuɗi. Gaskiya ne nama da kifi da wake sun yi tsada. Amma rabin farantin da muka ambata ganye ne, kuma ganye na cikin mafi arahar abin da ke kasuwa. Zogale yana tsirowa a bayan ɗaki, da damina tafasa da rama da lalo ko'ina suke, da rani ga busasshen ganye da kuka da busasshiyar kuɓewa. Awara, ƙuli-ƙuli, gyaɗa da gujiya suna gina jiki a farashin da talaka zai iya. Kuɗin lemon da aka daina saye ya isa sayen ƙwai. Ba sai an nemi wani abincin gwangwani daga waje mai tambarin masu ciwon suga ba.

Abin da ya fi tsada wahala shi ne kara. Babba ya je gidan suna ko ɗaurin aure, a ajiye masa waina da lemo mai sanyi, ya ji nauyin ya ce a'a. A nan ma muna da rawar takawa. Mukan tabbatar Baba ya ci abinci kafin ya fita taro, don idan ya je ya taɓa kaɗan ya yi godiya. Idan aka aiko mu da abin sha wurin baƙi, mukan haɗa da ruwa don kowa ya samu zaɓi. Idan za a je dubiya aka tambaye mu me za a saya, mukan ce ƙwai ko gwaiba ko tsinken awon suga, maimakon katan ɗin malt.

Daga ƙarshe, maganar ta dawo kanmu. Nau'i na biyu yana bin jini, wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da shi ya fi wani kusa da kamuwa, kuma yanzu ana samun sa a matasa, musamman masu ƙiba da yawan zama. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ku duba inda kuɗin taranku ke tafiya: lemo, biskit, cincin, alewa. Ba mu ce ku daina gaba ɗaya ba, amma abin da ake yi kullum shi ke zama jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu motsa jiki na kusan minti 60 a rana, manya kuma aƙalla minti 150 a mako. Ƙwallo, keke, ɗiban ruwa da tafiya makaranta a ƙasa duk suna ciki. Idan kuka ga wani a gida yana yawan fitsari, yawan ƙishirwa, rama ba dalili, gajiya, ko rauninsa ya ƙi warkewa, ku matsa a je a auna shi. Awon ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa.

Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon suga ta duniya, an zaɓe ta ne don ita ce ranar haihuwar Banting. Kuna iya roƙon malamin kimiyya ko na koyon girki ya ware darasi ɗaya a ranar, kowa ya zo da kwalbar abin da ya saba sha a lissafa sugan da ke ciki. Kafin nan, yau da daddare idan an zuba tuwo, ku dubi kwanon mai ciwon gidanku ku dubi naku, sannan ku tambayi Umma ko gobe za a iya ƙara ganye a miya a rage malmala ɗaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya kare mu.